Awon tsoka da na'urar sikanin: yaushe za a yarda da lambar da ta fito?

Wani ƙanena a sana'a, mai aikin gashin ƙashi a wani asibitin ƙaramar hukuma a kudancin Jihar Kebbi, ya aiko mini da tambaya a kan wani majinyacinsa, ɗan kabu-kabu da ya yi hatsari a hanyar Koko zuwa Yawuri, ya karye a cinyar dama, ya shafe mako goma a kwance da karan ɗori kafin a kawo shi asibiti. Ƙashin ya haɗe, amma cinyar ta tsotse har ana gane bambancinta da ta hagu ta cikin wando. Ya ce ya aro na'urar sikanin ta ɗakin awon ciki, ya auna kaurin tsokar gaban cinyar, ya samu milimita 19. Bayan mako guda ya yi tafiya zuwa Birnin Kebbi, sai abokin aikinsa ya sake aunawa ya samu milimita 23. Tambayarsa ita ce: shin tsokar ce ta ƙaru, ko kuwa na'urar ce ba abin dogaro ba ce wajen auna girman tsoka da tsarinta?

Ƙanena, na'urar abin dogaro ce wajen auna kauri da faɗin manyan tsokokin hannu da ƙafa, kuma an daɗe da tabbatar da hakan. Sai dai lambobin nan biyu da ka aiko ba za su iya gaya mana komai game da lafiyar majinyacinka ba, domin hannu biyu ne suka auna, kuma ina kyautata zaton ba a wuri ɗaya suka ɗora kan na'urar ba. Ƙarin milimita 4 a kan 19 ya haura kashi 20 cikin ɗari, kuma tsokar da ta yi mako goma ba ta aiki ba za ta tara nama haka a kwana bakwai ba, ko da kullum ana ciyar da mai ita kifin Yawuri da ƙwai. A makonnin farko na motsa jiki ƙarfi ne ke fara dawowa, saboda jijiyoyin da ke kai wa tsoka saƙo suna sake koyon aikinsu, girman nama kuwa sai an yi makonni ana juriya kafin awo ya iya nuna shi. Saboda haka abin da ya kamata mu bincika shi ne inda milimita 4 ɗin ta fito.

Kan na'urar da kake ɗorawa a fata yana tura sauti mai kaifin da kunnen ɗan Adam ba ya ji. Kunnenmu ba ya wuce girgiza dubu 20 a sakan ɗaya, alhali miƙaƙƙen kan da ake duba tsoka da shi yana aiki da girgiza miliyan 7 zuwa 15. Duk inda sautin ya tarar da iyaka tsakanin abu biyu mabambanta, kamar kitse da tantanin da ya lulluɓe tsoka, ko tsoka da ƙashi, wani ɓangarensa yakan dawo kamar amsa-kuwwa, sai na'urar ta lissafa lokacin da ya ɗauka ta mayar da shi nisa. A lissafin nata tana ɗauka cewa sauti na gudun mita 1,540 a sakan a ko'ina cikin jiki, alhali a cikin kitse gudun ya kusa mita 1,450, a cikin tsoka kuma ya kusa 1,580. Sakamakon haka tsoka mai kaurin milimita 20 za ta fito ƙasa da haƙiƙaninta da kimanin rabin milimita. Wannan shi ne kuskuren da ya rataya a wuyan na'urar kanta, kuma ka ga bai taka kara ya karya ba, ga shi kuma iri ɗaya ne yau da mako mai zuwa, don haka ba ya ɓata kwatancen awo biyu na mutum ɗaya.

Fasahar ba sabuwa ba ce. A shekarar 1958 Ian Donald da abokan aikinsa a birnin Gilasgo suka wallafa aikinsu na duba ƙarin da ke cikin ciki da sauti, wanda daga nan awon masu juna biyu da muka sani ya samo asali. Shekara goma bayan haka, a 1968, Ikai da Fukunaga a Japan suka auna faɗin tsokar damtse da irin wannan hanya, suka kwatanta shi da ƙarfin hannu. Ke nan an haura shekara hamsin ana auna tsoka da sauti, kuma ana ta gwada sakamakon da na manyan na'urorin ɗaukar hoton cikin jiki, wato MRI da CT.

A nan akwai tambaya biyu da mutane kan cakuɗa. Ka ɗauki tiyar da ake auna shinkafa da ita a kasuwar Jega. Idan an buga gindinta ya ɗan lotsa ciki, za ta riƙa ba ka awo iri ɗaya safe da yamma, amma awon bai cika tiya ba: tana da daidaito, ba ta da inganci. Idan kuma tiyar lafiya lau take, amma mai awo ɗaya yana tozo, ɗayan yana shafe baki, to ma'aunin ingantacce ne, daidaiton ne ya ɓaci a hannun masu awo. Matsalarka irin ta biyun ce, kuma a aikinmu na bibiyar majinyaci ita ce ta fi muhimmanci, domin abin da muke nema shi ne mu san ko tsokar tana dawowa ko tana ƙara zubewa.

Masu bincike suna auna daidaito da wata lamba da ake kira ICC, wadda ke tafiya daga 0 zuwa 1. A rabon da Koo da Li suka bayar a 2016, ƙasa da 0.5 mai rauni ne, 0.5 zuwa 0.75 matsakaici, 0.75 zuwa 0.9 mai kyau, sama da 0.9 kuma mai kyau ƙwarai. A 2017 Nijholt da abokan aikinta a ƙasar Holan sun tattara bincike 17 da aka yi a kan tsofaffi, suka samu lambar daidaiton tana tsakanin 0.72 da 1.00, kuma tsokokin gaban cinya da na gaban damtse suna cikin waɗanda suka fi fitowa da kyau. Kafin nan, a shekarun 1990, Julie Hides da abokan aikinta a Ostareliya sun nuna cewa awon sikanin na ƙananan tsokokin da ke gefen ƙashin baya yana dacewa da na MRI a matasa masu lafiya, kuma da shi suka gano cewa tsokar takan rame a ɓangaren da ciwon baya yake. Wanda ya fi kusa da damuwarka shi ne aikin Puthucheary da abokansa a Ingila, wanda aka wallafa a 2013: sun bibiyi majinyata 63 a ɗakin kulawa ta musamman, suka ga faɗin tsokar saman cinya, wadda ake kira rektus femoris, ya ragu da kashi 17.7 cikin ɗari a kwana goma kacal. Da na'urar sikanin aka gano wannan, a gefen gadon majinyaci, ba tare da an motsa shi zuwa ko'ina ba.

Amma ka lura da yadda aka samu waɗannan kyawawan lambobi: ƙwararrun hannaye ne, masu bin ƙa'ida ɗaya a rubuce, suna auna wuri ɗaya da aka yi wa alama, majinyacin yana kwance iri ɗaya. Kuma a mafi yawan lokuta daidaiton mutum ɗaya da kansa ya fi daidaiton mutum biyu. A nan gizo ke saƙa.

Abu na farko, kuma wanda ya fi yin ɓarna, shi ne nauyin hannu. Tsokar da ta saki jiki taushi gare ta kamar tsokar naman da mahauci ya ajiye a kan faranti, ko yaya ka danna ta za ta baje. Ina so ka gwada wannan a kan cinyarka kafin ka koma wurin majinyacin. Ka zauna ka miƙe ƙafa, ka zuba man sikanin da yawa, ka ɗora kan na'urar a hankali har ka ga siririn baƙin layi na man a saman hoton tsakanin kan da fata. Ka kalli farin layin ƙashin cinya a ƙasa, mai lanƙwasa kamar bayan ƙwarya, da baƙar inuwa a ƙarƙashinsa. Yanzu ka danna kaɗan, kamar yadda ake dannawa idan ana neman kan jariri a awon ciki. Za ka ga fata ta lotsa, kitse ya matse, ƙashin ya taso yana matsowa sama, kaurin tsokar ya ragu da milimita da yawa a gaban idonka ba tare da ka ji kamar ka yi wani ƙarfi ba. Duk wanda ya koyi sikanin a ɗakin awon ciki ya saba da danna hannu, domin a can dannawar ce ke kawar da iskar hanji ta kawo abin da ake nema kusa. A awon tsoka wannan sabon shi ne babban abokin gaba. Ba mamaki kai ka danna, abokin aikinka ya sassauta, kuma wannan kaɗai ya isa ya samar da bambancin da kuka gani.

Na biyu shi ne wurin awo. Tsokar cinya ba kamar bututu take ba, ta fi kama da rogo: kauri a tsakiya, siranta wajen gwiwa. Idan ka matsa sama da faɗin yatsa biyu, lambar za ta canza ko da hannunka bai yi kuskure ba. Hanyar da aka saba ita ce a ja tef daga tsinin ƙashin ƙugu na gaba zuwa saman ƙoƙon gwiwa, sannan a zaɓi rabin tazarar ko kashi biyu cikin uku daga sama. Kowanne ka zaɓa daidai ne, muddin shi za ka riƙa bi har a sallami majinyacin, kuma ka rubuta tazarar da santimita a katinsa. Alamar biro ba ta wuce wanka ɗaya. Ni abin da na fi samun sauƙi da shi shi ne ɗigon lalle, domin yakan yi mako biyu ko fiye bai goge ba, majinyata kuma ba sa ƙyamarsa. Wata dabarar ita ce a shimfiɗa farar leda mai nuna abin da ke ƙasa a kan cinyar, a zana tabo ko tawadar Allah ko tsagar da ke wurin tare da inda aka ɗora kan na'urar, a ajiye ledar a cikin fayil. Sannan ku yi ittifaƙi a kan abin da kuke kira kauri, domin wani yana auna tsokar sama ita kaɗai, wani yana haɗawa da ta ƙarƙashinta har zuwa ƙashi, wani yana sa tantanin a cikin awo, wani yana barin shi waje.

Na uku shi ne karkatar kan na'urar. Idan ba a tsaye sak yake a kan tsokar ba, sautin zai ratsa ta a karkace, hanyar ta yi tsawo, tsokar ta fito da kaurin da ba nata ba. Alamar da nake koyar da ɗalibai ita ce su kalli ƙashi: idan layinsa ya fito fari tas kuma siriri, kan yana tsaye, idan ya yi dishi-dishi ya faɗaɗa, an karkace.

Na huɗu shi ne kwanciyar majinyaci, kuma a kan wannan na taɓa yin kuskuren da har yau nake tunawa. Shekarun baya ina bibiyar wani dattijo mai shanyewar ɓarin jiki, na auna cinyarsa na ga ta ragu sosai a kan awon baya, na gaya wa 'ya'yansa cewa tsokar tana zubewa duk da gashin da ake yi. Na ga yadda jikinsu ya yi sanyi, babban ɗan ya fara maganar ko su mayar da shi gida. Da na koma kan hotunan biyu da daddare, sai na ga surar ƙashin da ta tsokar ba iri ɗaya ba ce. A awo na biyu ƙafar da ta shanye ta faɗi waje, kamar yadda irin wannan ƙafa takan yi, ni kuma ban gyara ta ba, don haka gefen tsokar na auna. Washegari na tallafe ƙafar da matashi, yatsun suna kallon sama, na sake aunawa, sai ga lambar ta koma kusan inda take. Na nemi afuwar iyalin na yi musu bayani, kuma tun daga ranar ba na faɗa wa dangin majinyaci sakamako sai na jera sabon hoto da tsohon na tabbatar wuri ɗaya suke nunawa. Haka kuma idan gwiwa ta ɗan lanƙwashe, ko majinyaci ya ɗaure jiki saboda zafi ko kunya ko sanyin man, surar tsokar takan canza. Ga majinyata mata, ya fi dacewa mace ta yi awon kuma a rufe labule, domin wadda hankalinta bai kwanta ba ba za ta saki jiki ba.

Na biyar shi ne ruwan jiki, wanda a ƙasarmu ba ƙaramin abu ba ne. Wanda ya taka daga tasha zuwa asibiti da sanda, ko wanda ya gama motsa jiki a ɗakin gashi, tsokarsa ta cika da jini ta ɗan kumbura. Wanda ya daɗe a tsaye ruwa ya taru a ƙafarsa, idan ya kwanta sai ya fara komawa sama a hankali. Masu bincike sun yi amfani da hutu daban-daban kafin awo, daga minti biyar zuwa rabin awa, kuma abin da ya fi muhimmanci shi ne ka tsayar da ɗaya ka riƙa bin sa, ka auna kafin motsa jiki, a kusan lokaci ɗaya na yini. Awon da aka yi da safe bayan karin kumallo bai kamata a jera shi da wanda aka yi da la'asar ga mai azumi a zafin watan Afrilu ba. Mai kumburin ƙafa saboda ciwon zuciya ko ƙoda, da yaro mai tamowa irin ta kumburi, da wanda aka ɗura wa ruwa leda bayan leda, duk tsokarsu za ta iya fitowa da kauri alhali a zahiri tana ramewa. Ga wanda ya karye ma, kumburin rauni yakan daɗe, kuma sabon ƙashin da ya taru a wurin haɗewa yana iya tasowa ya canza layin da kake aunawa zuwa gare shi.

Yanzu ga abin da nake so ka fi riƙewa, domin shi ne ke raba mai awo da mai karanta lamba kawai. Lambar ICC tana iya yin kyau ƙwarai, amma kuskuren awon ya kasance babba ga majinyaci ɗaya. Dalili kuwa shi ne lambar tana nuna yadda awo ke iya bambanta mutane da juna, don haka idan ka haɗa ɗan kokawa da tsoho mai shekara tamanin a gwaji ɗaya, ko da hannunka bai da kyau lambar za ta yi sama, tunda tazarar da ke tsakaninsu ta fi kuskurenka girma nesa ba kusa ba. Abin da ke da amfani a gefen gado shi ne ka san milimita nawa hannunka ke kuskurewa. Lissafin ba wuya. Ka cire ICC daga 1, ka nemi tushen murabba'in abin da ya rage, ka ninka shi da ma'aunin bazuwar lambobin mutanen da aka auna, wato yadda lambobin suka yi nisa da matsakaicinsu, ka samu kuskuren awo. Ka ninka wannan da 2.77, ka samu mafi ƙarancin canjin da za ka iya cewa na gaske ne da tabbacin kashi 95 cikin ɗari. Bari in ba da misali da lambobin da na zaɓa don koyarwa kawai: idan bazuwar milimita 4 ce, ICC kuma 0.90, kuskuren awo zai zama kusan milimita 1.3, mafi ƙarancin canji kuma milimita 3.5. Wato da lambar da kowa zai yaba, sai tsoka mai milimita 20 ta canza da sama da kashi 17 cikin ɗari kafin ka iya dafa ƙirji ka ce ta canza. Idan ka gyara hannunka ICC ta kai 0.97, mafi ƙarancin canjin zai sauko zuwa milimita 1.9, ka fara ganin abin da da ba ka iya gani.

Wannan lamba ba a aron ta daga takardar wani, domin ta hannunsa ce da na'urarsa. Ka nemi mutum goma sha biyar ko ashirin, abokan aiki da majinyatan da suka amince, ka auna su yau, ka sake auna su gobe ba tare da ka duba lambar jiya ba, abokin aikinka shi ma ya yi haka. Ku jera bambance-bambancen a takarda, kamar yadda Bland da Altman suka koyar a 1986, ku ga ko ɗayanku kullum lambarsa ta fi ta ɗayan girma. Idan haka ne, kun gano mai nauyin hannu, wato mai ƙaramar lambar. Aikin kwana biyu ne, kuma ya fi amfani a gare ku fiye da sabuwar na'ura.

Ka tambayi tsarin tsoka ma, kuma a nan dole in rage yabo. Idan ka juya kan na'urar ya bi tsawon tsoka, za ka ga fararen layuka sun jeru a karkace tsakanin tantani biyu, kamar yadda gashi ke jeruwa a jikin fiffiken zabo. Waɗannan su ne damman zaren tsoka, irin waɗanda mai kilishi ke bi idan yana feɗe nama. Ana auna tsawonsu da kusurwar da suke yi da tantanin, kuma lambobin suna da ma'ana: kusurwa kan ƙaru idan tsoka ta girma, ta ragu idan ta rame. Binciken da aka tattara ya nuna ana iya samun daidaito mai kyau a nan ma, musamman a tsokar sha-raɓa da ta gefen cinya, amma awon ya fi na kauri saurin ɓaci. Zaren a fili mai tsawo da faɗi da zurfi yake tafiya, hoton kuma yanka ɗaya ne siriri, don haka murɗa kan na'urar kaɗan yakan sa ka ga guntayen zare daban-daban kamar zare ɗaya. Ga shi kuma kan na'urar bai wuce santimita 4 zuwa 5 ba, zaren tsokar gefen cinya kuwa ya fi haka tsawo, sai a koma ana ƙiyasta sauran da miƙaƙƙen layi, alhali zaren yana da ɗan lanƙwasa. Ga mai neman digiri da isasshen lokaci wannan fage ne mai kyau. Ga asibitin da layin majinyata ya kai bakin ƙofa, ban ba da shawarar a gina hukunci a kansa ba.

Hasken tsokar a hoto kuwa labari ne mai amfani sosai, amma shi ya fi kowanne dogara da na'ura. Lafiyayyar tsoka baƙi-baƙi take fitowa da ɗigo-ɗigon fari. Idan kitse da tabo suka shige ta, kamar yadda ake gani ga tsofaffi, da masu shan inna, da waɗanda jijiyarsu ta lalace, sai ta yi fari har ƙashin da ke ƙasa ya dishe. Heckmatt da abokansa a Landan sun tsara mataki huɗu na wannan fari tun 1982, suna duba yara masu ciwon tsoka, kuma har yau ana amfani da matakan da ido kawai. Ana kuma iya sa hoton a kwamfuta a auna hasken daga 0 zuwa 255. Sai dai juya maɓallin haske kaɗan, ko canza zurfi, ko karkatar da kai, ko kaurin kitsen da ke saman tsokar, duk suna canza lambar, kuma ba a kwatanta lambar wata na'ura da ta wata. A wurinmu, inda wuta kan ɗauke a kunna janareta, wani ya zo ya yi awon ciki ya juya maɓallai, sai ka rubuta saitinka a takarda ka manna a jikin na'urar.

Na'urar da ka aro mai yiwuwa lanƙwasasshen kai gare ta, mai girgiza kusan miliyan 3.5. Tsawon zangon sautinsa ya kusa milimita 0.44, na miƙaƙƙen kai mai miliyan 10 kuma kusan 0.15, don haka hotonsa bai kai wancan kaifi ba. Ba na cewa ka ajiye shi. Ya isa auna kaurin babbar tsoka irin ta cinya, kuma ga mai ƙiba ma ya fi kaiwa zurfi, amma ka auna a tsakiyar hoton, ka cika man domin lanƙwasar kan kada ta nutse cikin fata, kuma kada ka auna da wannan kai yau ka auna da wancan gobe. Ga siraran tsokoki, kamar tantanin numfashi wanda kaurinsa bai wuce milimita kaɗan ba, sai miƙaƙƙen kai.

Kada kuma ka ɗauki teburin lambobin da aka buga a waje ka yanke wa majinyacinka hukunci da shi. Akasarin waɗannan lambobi daga mutanen Turai da Amurka da gabashin Asiya aka samo su, kuma makiyayin da ke taka dajin Zuru da masuncin Argungu da ma'aikacin ofis a Birnin Kebbi ba ƙirar jiki ɗaya gare su ba. Ko ƙungiyar masanan Turai da ta sabunta ƙa'idar gano ramewar tsokar tsufa a 2019 ta ambaci sikanin a matsayin hanya mai kyakkyawar makoma, amma ƙarfi ta sa a gaba: riƙon hannu ƙasa da kilo 27 ga namiji ko 16 ga mace, ko ɗaukar sama da sakan 15 wajen tashi daga kujera sau biyar. Ina goyon bayan wannan tsari, domin ɗan kabu-kabunka ba lamba yake nema ba, so yake ya iya buga babur da ƙafar dama ya tokare ta a ƙasa da fasinja a baya. Tef ɗin da muke zagaya cinya da shi ma yana da amfaninsa, kamar yadda tef mai ja da ɗorawa da kore yake ceton yara masu tamowa a Kebbi da Zamfara, inda damtse ƙasa da santimita 11.5 ke nuna mai tsanani. Gazawarsa ita ce yana haɗa fata da kitse da ruwa da tsoka da ƙashi a lamba ɗaya, sikanin kuma yana rarrabe su, babu tururin haske mai cutarwa irin na CT, babu doguwar tafiya da kuɗin MRI.

Game da majinyacinka, ka ajiye lambobin 19 da 23 duka, kada ka gina komai a kansu. Ranar da zai dawo, ka karɓe shi kafin ya shiga motsa jiki, ya kwanta rigingine minti goma, gwiwa a miƙe, yatsun ƙafa suna kallon sama, matashi yana tallafe da ƙafar. Ka ja tef, ka ɗiga lalle a rabin tazarar a cinya biyun, ka ɗauki hoto uku a kowace cinya kana ɗaga kan na'urar tsakanin kowane hoto, ka yi amfani da matsakaicin ukun. Cinyar hagu ita ce ma'auninka mafi gaskiya, domin jikinsa ce kuma rana ɗaya ka auna su da hannu ɗaya, ko da yake ita ma ta ɗan rame saboda kwanciyar. Ka ɗauki hoton allon da wayarka, ba tare da sunansa ya fito ba, domin ka samu abin kwatantawa. Ka haɗa da ƙirga sakan nawa yake ɗauka ya tashi daga kujera sau biyar, idan ƙashin ya kai ɗaukar nauyi. Kada ka sake auna tsokar sai bayan mako huɗu, kuma kai da ka fara kai za ka ci gaba. Idan tafiya ta sake kama ka, a ɗaga awon har ka dawo.